Kwana Huɗu a Birnin Fas: Zaɓen Rana da Zaɓen Masauki



Mutanenmu matafiya ne tun kaka da kakanni, amma in ka duba abin da ke fitar da mu ƙasar waje a yau, da wuya ya wuce aikin hajji da umara, neman magani, karatu, sai saro kaya. Ba kasafai za ka ji mutum ya ce zai je wani birni ya yi kwana uku ko huɗu don ya gan shi da idonsa ya dawo ba. Wasu ma ɓarnar kuɗi suke ɗaukar hakan. A wurina tafiya ce mai daraja, in dai an tsara ta, kuma tsarin nata a gida ake gama shi tun kafin a ɗaure jaka. Abu biyu ne ke gyara irin wannan tafiya ko su ɓata ta: ranar da ka zaɓa, da ɗakin da ka kama. Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu ɗauki birni ɗaya mu bi shi, wato Fas ta ƙasar Maroko.

Na ce birni ɗaya, kuma da gangan na faɗa. Akwai tsarin da wasu masu shirya tafiya ke tallatawa: kwana biyar, gari huɗu, Kasabalanka, Rabat, Marrakesh, Fas. A takarda yana da ban sha'awa. A ƙasa kuwa rabin kwanakin a mota da jirgin ƙasa suke ƙarewa, sauran rabin a ɗaure kaya da kwance kaya. Mutum ya dawo da hotuna cike da waya, ka tambaye shi wace ƙofa ce wannan, a wane gari take, ya rasa amsa. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da. In kwanakinka kaɗan ne, ka ba gari ɗaya su duka.

To me ya sa Fas? Saboda Bahaushe da yawa ya san garin tun bai taɓa jin sunansa ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajrumiyya, littafin ɗan Fas ya karanta, don marubucinsa Ibn Ajurrum a can ya rayu, a can ya rasu a 1323. Wanda ya haddace baitocin Ibn Ashir na fiƙihun Malikiyya, shi ma malamin Fas ne. Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati a Fas ya yi karatu, ko da yake kabarinsa yana Marrakesh. Ga kuma Shehu Ahmad Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma zawiyarsa da kabarinsa suna nan a tsakiyar tsohon gari, inda 'yan'uwa daga Kano da Kaulaha da Yamai da Kumasi ke kai ziyara duk shekara. Akwai ma wani mutumin Fas, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga littafinsa a birnin Benis a 1550, a ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Agadas. Masana suna jayayya a kan ko ya taka waɗannan garuruwa da ƙafarsa ko labari ya ji, amma dai sunayenmu sun shiga kunnen Turai ta bakin ɗan wannan gari.

Garin kansa ya haura shekara 1,200. Maulaya Idris na Farko ya kafa shi a 789 a gefe ɗaya na kogi, ɗansa Idris na Biyu ya gina ɗaya gefen wajen 809. Daga baya iyalai suka yi ƙaura daga Ƙurɗuba ta Andalus suka zauna a ɓangare ɗaya, wasu daga Ƙairawan ta Tunisiya suka zauna a ɗayan, shi ya sa har gobe unguwannin biyu da sunayensu ake kiran su. A cikin mutanen Ƙairawan ne aka sami Faɗima al-Fihriyya, wadda tarihin garin ya ce ita ta gina masallacin Ƙarawiyyin da dukiyar gadonta a 859. Da Faransawa suka karɓi ƙasar a 1912, sai suka mayar da babban birni Rabat, suka gina tasu sabuwar unguwa a waje, can nesa da ganuwa. Wannan ne ya sa tsohon garin ya tsira yadda yake, ba a fasa yawancin lungunansa an yi titin mota ba, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1981. Ka riƙe wannan, mai sauraro, don a kansa maganar masauki za ta hau: Fas gari biyu ne, tsoho da sabo, kuma tsohon mota ba ta shiga lungunansa.

Batun hanya ba zan daɗe a kansa ba. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma cikin takardun da ake nema har da shaidar inda zai sauka. Dokar ta bambanta daga fasfo zuwa fasfo, saboda haka ɗan Nijar da ɗan Gana da ɗan Kamaru kowa ya tambayi ofishin jakadancin Maroko a ƙasarsa kafin ya sayi tikiti. Jiragen Royal Air Maroc daga Legas, Yamai ko Akara a Kasabalanka suke sauka. A ƙasan filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa da za ta kai ka tashar Casa Voyageurs, daga nan ka hau na Fas, tafiyar kusan awa huɗu, ta Rabat da Miknas. Jirgin nan mai gudun gaske, Al Boraq, da aka buɗe a 2018, tsakanin Kasabalanka da Tanja yake, ba ya zuwa Fas. Akwai kuma ƙaramin jirgin sama zuwa filin Fas, wanda ke da nisan kimanin kilomita 15 daga gari. Ko ta wace hanya ka bi, ranar zuwa ta tafi, ranar dawowa ma ta tafi. Wanda yake son cikakkun kwana huɗu a Fas, kwana shida zai nema a wurin aiki.

Yanzu mu shiga garin. Yawancin baƙi ta Bab Bujlud suke shiga, ƙofar da aka gina a 1913, fuskarta ta waje shuɗiya, ta ciki koriya. Daga nan hanya biyu ke gangarawa cikin gari, Ɗal'a Babba da Ɗal'a Ƙarama, kuma muddin ƙafarka na gangara, tsakiyar gari ka nufa, in tana hawa, ƙofa ka nufa. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da kai daga ɓata a garin da ake cewa lungunansa sun kai 9,000. Kana shiga za ka tarar da makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan na daular Banu Marin ya gina a tsakiyar ƙarni na 14. Ka biya kuɗin shiga, ka tsaya. Daga ƙasa zuwa ƙugu ƙananan tayil ne masu launi da aka yanka ɗaya bayan ɗaya da hannu, sama da su farar ƙasa ce da aka sassaƙa ayoyi a jikinta, can sama kuma katakon al'ul. Ɗalibai aka gina wa wannan wuri, 'yan ƙauye da suka zo neman ilimi ba su da kowa a gari. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji wani abu a raina game da inda namu almajiran ke kwana.

In ka ci gaba da gangarawa, alfadarai da jakuna ɗauke da tukwanen gas da buhunan gari za su riƙa matse ka da bango. Kana jin an ce "balak" ka kauce. Can ƙasa ne za ka tarar da komai a cure wuri ɗaya: kabarin Maulaya Idris na Biyu, makarantar Aɗɗarin a bakin kasuwar 'yan turare da kayan yaji, dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke bugun tukwane da manyan farantai tun safe, sai Ƙarawiyyin kansa, wanda gidaje da shaguna suka rufe shi har za ka iya zagaya shi ba ka san ka zagaya ba sai ka leƙa ta wata ƙofa ka hangi farfajiya. A ɗakin karatunsa akwai kwafin littafin tarihi na Ibn Khaldun da shi marubucin da kansa ya ba da waƙafi. Zawiyar Shehu Tijjani 'yan mintoci ne daga nan a ƙafa, za ka gane ta da hasumiyarta mai tayil kore-shuɗi.

Ga shawarar da nake ba kowa, ɗan ɗariƙa ne ko ba ɗan ɗariƙa ba: ka tsara yininka a kan lokutan salla. Masallatai da yawa a Maroko ana rufe su tsakanin salla da salla, wanda ya zo da hantsi sai dai ya ga ƙofa. Ka yi magariba a Ƙarawiyyin, kada ka tashi bayan an sallame. Za ka ga an yi da'ira ana karanta izu ɗaya da murya ɗaya, da safe bayan asuba ma haka, a sauke Alƙur'ani duk wata. Da Warshu suke karantawa, rubutun allonsu ma ɗan'uwan namu ne, fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Gardin da ya yi tsangaya a Haɗeja ko Damagaram zai zauna a wannan da'ira ya bi su ba tuntuɓe. Wannan zaman ba a biyan ko sisi a kansa, kuma wanda masaukinsa ke can sabon gari yawanci yana rasa shi, don kafin magariba ya riga ya fara neman tasi.

Majemar Shawwara kuwa hanci ne zai kai ka. Daga saman shagunan dukawa ake kallon ta, su miƙa maka ganyen na'ana'a ka riƙa shinshina saboda wari. A ƙasa ramuka ne jere, farare na farar ƙasa da kashin tantabara inda ake tausasa fata, masu launi kuma na rini, mutane na ciki har gwiwa suna tattakawa. Mu muna da haƙƙin tsayawa a nan fiye da sauran baƙi, don fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa tana cikin abin da ayari ke ƙetara Sahara da shi, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. In za ka sayi jaka ko takalmi, ka taya kamar yadda ka saba, farashin farko na baƙo ne. Da yamma ka hau tudun arewa, wajen kaburburan sarakunan Banu Marin, ka ga garin duka a ƙarƙashinka. Ganuwar tsaron da ke kusa, Burj na Arewa, Sarki Ahmad al-Mansur ya gina ta a 1582, shi ne kuma wanda ya aika rundunar da ta rusa daular Songhai a 1591. Tarihin da ya haɗa mu da Maroko ba duka ne mai daɗin ji ba, kuma gara mutum ya je da saninsa.

Mu dawo kan rana. Fas tana da zafi ƙwarai a Yuli da Agusta, yakan haura digiri 40, sannan daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ruwan sama, sanyin da ya fi na hunturunmu shiga ƙashi saboda danshi. Maris zuwa Mayu, da Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da jiki ya fi sakewa. Ranar Juma'a shaguna da yawa na tsohon gari a rufe suke, musamman bayan an sauko, rana ce ta masallaci da cin kuskus a gida, kuma ga ɗan Tijjaniyya ita ce ranar zikirin yamma a zawiya. Saboda haka Juma'a ta shiga cikin kwanakinka, amma kada ka bar sayayya sai ranar. Makon babbar salla bai dace da gajeriyar ziyara ba, masu shaguna da masu sana'a duk sun tafi garuruwansu, kasuwa ta mutu na kwanaki. A watan azumi gidajen abinci a rufe suke da rana, gari ba ya farkawa sai bayan an sha ruwa da miyar harira da dabino. Kuma a kula da agogo: lokacin Maroko ba koyaushe yake ɗaya da na Najeriya da Nijar ba, musamman a watan azumi. Mai jirgin da zai kama ya san wannan.

Sai bukukuwa. Wanda ya fi tsufa a garin shi ne mausimin Maulaya Idris na Biyu, wanda galibi ake yi wajen watan Satumba. Ranar ta masu sana'a ce. Majema, maƙera, masaƙa, masu takalma, 'yan kasuwa, kowace ƙungiya ta fito da tata tawaga da kyautarta, a ja bijimai, a ɗauko sabon lulluɓin kabari da aka yi wa aikin zare, a bi ta Bab Bujlud a gangara, 'yan ɗariƙun Isawa da Hamadsha na biye da ganguna da algaita. Abin da ya sa nake fifita wannan biki shi ne, na mutanen gari ne, ko baƙo bai zo ba za su yi abinsu. Matsalarsa ɗaya ce ga matafiyi: ranar tana motsawa, kuma ba a cika sanar da ita da wuri ba, sai ka tambayi mutanen masaukin da kake shirin kamawa.

Na biyu shi ne bikin waƙoƙin ibada na duniya, wanda wani masani ɗan garin, Fauzi Skali, ya assasa a 1994. Yawanci a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni ake yin sa, kwana da kwanaki. Manyan wasanni a filin Bab Makina ake yin su da tikiti mai tsada, amma akan yi wasu kyauta a dandalin Bab Bujlud, da zaman sufaye cikin dare. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai sauraro ita ce, bikin na addinai daban-daban ne: za ka ji masu ƙawali daga Pakistan, masu bege daga Masar da Turkiyya, za ka kuma ji waƙoƙin coci da na Yahudawa da na Indiya. Wanda yake son ya ji yadda sauran bayin Allah ke rera nasu, ga wuri. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, ya zaɓi wani mako, zai ma fi samun ɗaki da araha. Fauzi Skali ɗin dai ya sake kafa wani bikin na al'adun sufaye zalla a 2007, mai lacca da rana da zikiri da dare.

A wajen gari ma akwai abin gani. Garin Safru, kimanin kilomita 30 kudu da Fas, yana yin bikin ceri, wani ɗan itace ja ƙarami, na kwana uku a watan Yuni, sama da shekara ɗari ke nan, kuma UNESCO ta amince da shi a 2012. A Tissa, arewa maso gabas da Fas, ana taron dawaki bayan zafi ya karye, a nan ake ganin tiburida: mahaya 15 zuwa 25 su jeru sahu ɗaya, su sako dawaki a guje, a ƙarshen fili su harba bindigogin gargajiya a tare. Gwanintar ita ce a ji ƙara ɗaya tak, wanda ya riga ko ya makara ya kunyata tawagarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Daushe ya ga ana jahi, zai ji jininsa ya motsa.

Ka yanke shawara tun a gida: bikin za ka je gani, ko garin? In biki ne, ka kama ɗaki wata biyu ko uku kafin lokaci, ka yarda cewa farashi zai hau, lunguna za su cushe. In gari ne, ka duba ranakun bikin don ka kauce musu. Wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ya faɗo tsakiyar biki bai sani ba, ya biya kuɗin biki, ga shi bai yi tanadin kallonsa ba.

Yanzu ga masauki, kuma a nan na fi son a saurare ni da kyau, don a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. A Fas zaɓi biyu ne a gabanka. Akwai otal irin wanda ka sani a sabon gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, mai lif da na'urar sanyaya ɗaki da mota har bakin ƙofa. Akwai kuma abin da suke kira riyad ko dar a cikin tsohon gari: gidajen attajiran da ne aka gyara aka mayar masauki. Daga waje bango ne kawai da ƙofa, ka bi ta wani siririn zaure, sai ka ɓulla tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa, wani lokaci da itacen lemo, ɗakuna sun kewaye ta hawa biyu ko uku, tagoginsu duk ciki suke kallo. Yawanci ɗakunan ba su da yawa, karin kumallo na cikin kuɗin, kuma mai gidan ko yaronsa zai san sunanka tun ranar farko.

Ga mai lafiyar ƙafa da ya zo don tsohon gari, riyad nake zaɓa masa ba tare da wani kokwanto ba, don shi ne zai ba shi asuba da magariba a inda ya zo dominsa. Amma ba kowa ya dace da shi ba. Matakalan gidajen nan ƙunci gare su da tsayi, kuma kusan duka babu lif. In da Hajiya za ka tafi, ko Baba mai ciwon gwiwa, ka nemi ɗakin ƙasa tun wurin kamawa, a rubuce. Shi kuma ɗakin ƙasa ƙofarsa a tsakar gida take, inda sauran baƙi ke karyawa da hira, saboda haka mai iyali da ke son sirri ya auna wannan. Wasu gidajen suna sayar da giya ga baƙinsu a wurin cin abinci, wasu ba sa yi, tambaya ɗaya ta raba gardama. In lokacin sanyi ne, ka tambaya ko ɗakin na da abin ɗumama shi, don gidan da aka gina don ya kore zafi, a watan Janairu ba ya tausayin kowa.

Abin da ya fi yawan taurarin masauki da hotonsa muhimmanci shi ne wannan tambaya: minti nawa ne a ƙafa daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar gidan, kuma hawa ne ko gangara? Mota tana iya kaiwa Bab Bujlud, da Baɗha, da Ain Azliten, da Bab Gisa, da dandalin Rasif. Wanda ya zo don Ƙarawiyyin da zawiya ya nemi gida ta wajen Rasif ko Bab Gisa. Wanda ya fi son gidajen abinci da sauƙin samun tasi ya tsaya wajen Bujlud da Baɗha. Gidan da ke can ƙuryar lungu yakan fi kyau a hoto, ya fi araha, amma ka tuna za ka iso da akwati, wataƙila da dare, kuma taswirar waya takan rikice a tsakanin dogayen bangaye. Ka roƙi gidan su turo wanda zai tare ka a bakin ƙofar gari da mai kura, ku yi cinikin kuɗin kurar kafin a ɗora kaya.

In a intanet za ka kama, kamar a Booking.com ko makamancinsa, kada ka tsaya a makin da aka ba gidan. Ka buɗe abin da baƙi suka rubuta, ka fara da na kwanan nan, ka nemi masu ƙorafi. In mutum ɗaya ya ce ruwan zafi ba ya zuwa, wataƙila ranar ce. In mutum biyar suka faɗa cikin wata uku, haka gidan yake. Ka zaɓi tsarin da za ka iya fasawa ba tare da asara ba ko da ya ɗan fi tsada, musamman tunda biza ba a hannunka take ba tukuna. Araha ba ta ado. Bayan ka kama, ka aika wa gidan saƙo kai tsaye su tabbatar maka da sunanka da ranakunka. In wani ya turo maka saƙo yana cewa ka sake shigar da lambar katinka ta wata hanya ko a soke ɗakinka, kada ka taɓa, ka kira gidan da lambar da ke shafinsu. Haka nan dillalin da ya ce ka zuba kuɗin otal a asusunsa na kansa ba tare da takardar shaida daga otal ɗin ba, ka nemi takardar tukuna, ka kuma kira ka ji daga bakinsu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ba mutum haushi in bai shirya musu ba. Farashin da ka gani sau da yawa bai haɗa da harajin kwana ba, wanda ake karɓa a kan kowane mutum kowane dare, galibi a hannu. Ƙananan gidaje da yawa sun fi son tsabar kuɗi, katin naira kuma ba kullum yake aiki a waje ba, saboda haka ka tafi da yuro ko dala ka canza a can, don dirhamin Maroko ba kuɗin da ake fita da shi da yawa ba ne. Ka canza daidai buƙata, ka ajiye rasit. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, ɗan Nijar ya saba da shi, ɗan Najeriya da ɗan Gana su sayi adafta tun a gida. Ka tambaya ko bayin na da tiyon tsarki, in babu, 'yar buta ta roba ba ta da nauyi a jaka. Ɗaki kuma yawanci sai bayan azahar ake ba da shi, a karɓe shi da tsakar rana, amma kusan kowane gida zai ajiye maka kaya in ka roƙa.

Da zarar ka fito da alamar baƙunta, samari za su tare ka, wannan ya ce hanyar a rufe take, wancan ya ce zo in kai ka majema. Ka yi musu sallama, ka gode, ka wuce. In kana son ɗan jagora, kuma a ranar farko yana da amfani, ka sa masaukinka su samo maka mai lasisi da katin shaida a wuya, ku daidaita kuɗi da awoyi, ka kuma faɗa masa tun farko cewa makarantu da masallatai ka zo gani, don in ka yi shiru rabin yinin a shagon darduma zai ƙare, inda yake da kamasho. Mai Faransanci ba shi da matsala a garin, mai Larabcin makaranta ma za a fahimce shi, ko da yake amsar da za a mayar masa da karin harshensu sai ya kasa kunne sosai. Ƙananan tasi na Fas jajaye ne, mutum uku suke ɗauka, kuma suna da mita, ka ce a kunna ta.

In kwana huɗu ne cikakku, uku na garin ne. Na huɗun za ka iya ba Miknas, mai nisan kusan kilomita 60, da kufan Walili na zamanin Rumawa, da garin da kabarin Maulaya Idris na Farko yake a kan dutsen Zarhun, duka a yini ɗaya da motar haya. In ka ji ba ka ƙoshi da Fas ba, ka bar su sai wani jiƙon.

Ranar dawowa kuma, jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma galibi cikin dare suke tashi daga Kasabalanka. Ka sayi tikitin jirgin ƙasa tun ana gobe, ka bar Fas kafin azahar, ka ƙara awa biyu a kan lissafinka saboda canjin jirgi a Casa Voyageurs da layin awon kaya. In kuma tashin naka na safe ne, daren ƙarshe a Kasabalanka za ka kwana, kusa da tasha, kuma wannan ɗakin ma tun a gida ake kama shi tare da na Fas.